Amsa: Bambancin "impose" da "inflict"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka tambaya ko "impose" da "inflict" abu ɗaya ne, tunda duka ana bin su da "on". Ba ɗaya ba ne.

"Impose" ta mai iko ce. Gwamnati, kotu ko shugaban makaranta ne ke ɗora tara, haraji, dokar hana fita ko takunkumi. Ka tuna lokacin da ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi bayan juyin mulkin Yulin 2023, jaridun Turanci "imposed sanctions on Niger" suka riƙa rubutawa. "Inflict" kuwa ciwo take ɗauke da shi: rauni, azaba, asara. Wanda ya sari mutum da adda, "he inflicted a deep wound on him". Ba sai yana da wani muƙami ba.

Inda ɗalibai suka fi faɗuwa shi ne "afflict". A nan mutumin da abin ya sama ne ke biyo bayan kalmar kai tsaye, kuma yawanci cuta ce ko fari ko talauci, kamar "malaria afflicted him"; idan aka juya jimlar kuma sai a ce "he was afflicted with malaria". Don Allah kada ka rubuta "inflicted with malaria", malamai na jan biro a kansa.

A kotu kuma, alƙali kan fara da "convict" wato ya tabbatar da laifi, da "of". Sannan ya yi "sentence", da "to": "sentenced to five years in prison".