Yaran shago, WhatsApp da maigida: wa ke riƙe da ragamar kasuwar?

Wani ɗan kasuwa mai sayar da atamfa da leshi da shadda a Kasuwar Wunti da ke Bauchi ne ya aiko da wannan tambaya. Ya ce: "Malam, ina da shago a Wunti da reshe a Azare, yarana shida, ƙanina ne ke kula da na Azare. Yanzu yawancin cinikinmu ta waya yake zuwa. Yaran su ɗora kaya a WhatsApp da Facebook, mata su yi musu magana kai tsaye. Na buɗe mana guruf don aiki ya yi sauƙi, sai ya zama yaran Azare ni suke turo wa komai, ƙanina yana fushi wai an raina shi. Kwanan baya kuma yaro ɗaya ya buɗe nasa shagon, kwastomomin da ke cikin wayarsa duk suka bi shi. Ina tunanin hana riƙe waya a shago baki ɗaya. Me ka gani?"

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Kada ka hana waya. Da bakinka ka ce yawancin ciniki ta nan yake shigowa, to ranar da ka karɓe wayoyin nan, Hajiyar da ke zaune a Fadaman Mada tana zaɓen leshin biki daga kan gado ba za ta taso ta zo Wunti ba, maƙwabcinka za ta yi wa magana. Abin da ya lalace maka tsarin shago ne, kuma shi za a gyara.

Ka tuna yadda abin yake a da. Kai ke zuwa Kantin Kwari sari, kai ka san nawa dila ta tsaya, kai ka san wace Hajiya ce ke biyan bashi da wadda sai an yi ta sintiri. Yaro bai san komai ba sai abin da ka faɗa masa, na Azare kuwa sai abin da ƙaninka ya faɗa masa. Wannan sanin shi ne rabin ikonku. Yau dilolin Kano suna ɗora sabon zane da farashinsa tun kafin ka gama karin kumallo, yaronka ya gani, kwastoma ma ta gani. Sani ya bar hannun mutum ɗaya, kuma ba zai dawo ba. Abin da ya rage a hannunka shi ne yanke hukunci: wa zai rage farashi, wa zai ba da bashi, wa zai ce a karɓi kayan da aka dawo da su. Matsalarka ita ce shi ma wannan ya fara zubewa cikin guruf ba tare da ka lura ba.

Masana harkar shugabancin ma'aikata sun daɗe da magana a kan wannan. A 1916 wani injiniya Bafaranshe mai suna Henri Fayol, wanda ya shugabanci babban kamfanin haƙar ma'adinai, ya fitar da ƙa'idoji 14 na tafiyar da ma'aikata. Ɗaya daga ciki ita ce kowane ma'aikaci ya karɓi umarni daga mutum ɗaya. Mu ma mun san ba a sarki biyu a gari ɗaya. Amma abin da ya fi burge ni da mutumin shi ne bai ce dole kowace magana ta hau sama ta sauko ba. Ya yarda a yi gada tsakanin ma'aikata biyu na sassa daban-daban su yi magana kai tsaye don aiki ya yi sauri, da sharaɗin shugabanninsu sun amince, kuma a sanar da su abin da aka yi. Guruf ɗinka gada ce, sai dai ba ka gindaya mata sharaɗin ba.

Ga yadda abin ke faruwa, ko ban je Azare ba. Kwastoma ta nemi a rage mata naira 1,500 a turmi. Ƙaninka ya ce a'a, domin ya san kuɗin mota daga Kano ya hau kan kayan. Yaro ya zagaya bayan shago ya turo maka saƙon murya. Kana tsakiyar ciniki a Wunti, ka saurara da rabin kunne, ka ce a ba ta. Yaro ya dawo ya kunna muryarka a gaban ƙaninka da kwastoma. Daga ranar nan ƙaninka ya zama mai gadin shago. Fushinsa yana kan hanya, Alhaji, kuma ba yaran ba ne suka raina shi da farko.

Maganin ba shi da tsada, sai dai yana buƙatar ka danne zuciyarka. Duk yaron Azare da ya turo maka maganar farashi ko bashi, amsarka ɗaya ce: "Me yayanku ya ce?" Ko da kana ganin ƙaninka ya yi kuskure, ka kira shi ku biyu ku daidaita, shi ya koma ya sanar da yaro. Ka yanka masa iyaka a fili: ragi har zuwa kaza nasa ne, bashi har zuwa kaza nasa ne, abin da ya wuce nan shi zai kira ka. Ƙofa ɗaya za ka bari a buɗe ga yara, ita ce ƙorafin zalunci ko zargin ha'inci, domin wannan kam bai kamata ya tsaya a hannun wanda ake ƙara ba.

Guruf ɗin ma a raba shi biyu. Ɗaya na sanarwa, wanda kai da ƙaninka kaɗai ke iya rubutu a ciki, WhatsApp yana da wannan saitin. Nan za a sa farashin yau da kayan da suka iso. Ɗayan na aiki, inda yaron Wunti zai tambayi na Azare ko akwai sauran shadda ruwan toka yadi goma. Kuma don Allah a daina yi wa yaro faɗa a guruf. Faɗan da ka yi a shago iska ke ɗauke shi, na guruf yana nan a rubuce, ana ɗaukar hotonsa, ana turawa.

Sai maganar da ta fi ci maka rai, yaron da ya tafi da kwastomomi. A nan sai ka yi haƙuri da ni. Matan nan ba su taɓa ganin allon shagonka ba, lambarsa suka sani, shi ke amsa musu da sha ɗayan dare, shi ke kai kaya tasha ya turo musu lambar direba. A wurinsu shi ne shagon. Tun zamanin iyayenmu yaron da aka sallama yakan tafi da wasu masu sayayya, bambancin kawai da ƙafa suke binsa ɗaya bayan ɗaya, yanzu kuwa a aljihu yake tafiya da su rana ɗaya.

Saboda haka shago ya mallaki layinsa. Tun da aka fara haɗa layukan waya da lambar NIN a ƙarshen 2020, layi na wanda aka yi rajistarsa da sunansa ne, don haka ka yi rajistar da kanka, kada ka aiki yaro. Ka sa masa WhatsApp Business, wanda aka fito da shi a 2018 saboda ƙananan 'yan kasuwa, kyauta ne. Yana da wurin jera kaya da farashi, da alamomin da za ka bambanta wanda ya biya da wanda ake bi bashi. Ana iya haɗa lamba ɗaya da wasu na'urori har huɗu, yara su riƙa amsawa daga nasu hannun kana ganin komai, ranar da wani ya bar aiki ka cire na'urarsa. Ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, lambobin sirri shida ɗin nan su zauna a kanka kai kaɗai. Shafin Facebook ma haka, kai ne babban mai kula da shi, sauran aro ka ba su.

Kuɗi kuwa babu sassauci. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 mutane suka saba da tiransifa, kuma nan ne ɓarna ke shiga. Asusu ɗaya, da sunan shago, wanda rajistar CAC, hukumar yi wa kamfanoni rajista, za ta ba ka damar buɗewa. Kwabo kada ya shiga OPay ko Moniepoint ɗin yaro da sunan "zan turo anjima". Hoton rasit ba biya ba ne, sai alat ya shigo kaya su fita.

Amma fa layin shago kaɗai ba zai riƙe yaro mai hazaƙa ba. A cikin shidan nan akwai wanda ya iya ɗaukar hoton leshi a hasken safe har ka ji kamar ka taɓa, ya iya magana da mata ba tare da ya wuce gona da iri ba. Wataƙila shi ne ƙaramin cikinsu, wanda a tsohon tsari shara da ninke atamfa ne aikinsa. Yau shi ke kawo ciniki, ya kuma san haka. Idan ka ci gaba da ba shi kuɗin abinci kawai, lissafin tafiya yake yi. Ka yanka masa kamasho a kan duk turmin da ya sayar ta layin shago, a rubuta, a biya ƙarshen mako. Ka zauna da shi kan maganar sallama, shekara nawa da jari nawa, a gaban iyayensa. Ka kuma tsara wanda zai riƙe wayar da dare bi da bi, domin kwastomar waya ba ta san an rufe kasuwa ba.

Wani abin da nake yawan gani shi ne bashi ya koma zaune cikin saƙonnin murya. Saƙo ana goge shi, waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta. Ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɗauke gaba ɗaya na kusan awa shida a duniya, daga bayan la'asar har cikin dare a nan Najeriya. Duk abin da aka ƙulla a waya, suna da lamba da adadin kaya da abin da ya saura, ya shiga littafi kafin a rufe shago, a Wunti da Azare.

Ka fara da ƙaninka. Ka je Azare da kanka ranar da kasuwa ba ta cika ba, ku tsayar da iyakar ragi da ta bashi, sannan ka tara yaran ka faɗa musu a gabansa. Layin shago da kamasho su biyo baya a makon da ke tafe.