Tambaya da Amsa: Badujalar Ƙauyukan Ingila

Tambaya: Malam, na ga hoton wasu masu busa ƙahonin tagulla a wani ƙauyen Ingila, aka ce ba sojoji ba ne. Shin me suke yi tsawon shekara? (Mai karatu daga Zariya)

Amsa: Malam, gaskiya aka faɗa maka. Badujalar gari ce, wadda ta bunƙasa a ƙarni na 19 tsakanin ma'aikatan masaƙu da masu haƙar kwal na arewacin Ingila. Ƙungiyar Black Dyke, alal misali, an kafa ta a 1855. Yawanci masu busa 25 ne a kowace ƙungiya, ban da makaɗa, kuma akasarinsu suna da sana'o'insu, sai da yamma suke haɗuwa atisaye.

A Fabrairu da Maris ake gasar yankuna, inda manyan ƙungiyoyin da suka yi fice ke samun gurbin zagayen ƙarshe a zauren Royal Albert Hall na Landan cikin Oktoba. Amma a ganina, ranar da ta fi armashi ita ce Juma'ar da ke bin bikin Fentikos na Kiristoci, lokacin da ƙungiyoyi ke yawo a motoci daga ƙauye zuwa ƙauye a yankin Saddleworth na arewacin Ingila, suna busa a gaban alƙalin da aka ɓoye don kada ya ga masu busar, kunnensa kaɗai zai yanke hukunci.

A Yuli suna rakiyar jerin gwanon masu haƙar kwal a Durham, a Nuwamba su yi busar tunawa da mazan jiya, a Disamba kuwa su bi tituna da waƙoƙin Kirsimeti suna tara kuɗin gyaran kayan busa.