Tambaya da Amsa: Birkin bayan babur mai ƙafa uku

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da babur 125 da wani mai walda ya mayar mini mai ƙafa uku, ina ɗaukar buhunan albasa da shi. Yanzu birkin baya ya ƙare, sai na taka har ƙasa kafin ya kama, in ya kama kuma ya fizge ni hagu. Na sayi garnitir (lanƙwasasshen ƙarfen nan mai fata da ke kamawa in an taka birki) da sunan babur ɗin a kasuwar Tawa, bai shiga ba. Na aika Kwanni aka kawo wani, shi ma haka. Wanda ya yi mini aikin ya bar gari. Ina mafita? Daga mai karatu a Tawa.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, sunan babur ɗin ne ya ɓatar da kai. Ranar da mai walda ya cire ƙafar baya ya sa biyu, birkin asali ya tafi tare da ita. Abin da kake takawa yanzu na wani abin hawa ne dabam, shi ya kamata ka gano.

Leƙa ƙarƙashi. In ka ga pon, wato bututun ƙarfe mai tulu a tsakiya da murfin zuba mai, to ko dai na keken kaya ne irin na Sin, ko na ƙaramar mota da aka yanke aka rage masa faɗi. In babu tulu, sanda ce kawai da ƙafafun babur biyu, to daga wasu baburan aka ciro su. Sannan duba bayan farantin birki: in sandar ƙarfe ko waya ce ke jan wani ɗan hannu, birkin ja ne, in siririn bututu ne ya shiga, na mai ne.

Sai awo. Ɗaga bayan, ka tokare shi da kututture, kada ka dogara da jak kaɗai. Cire tambur, wato kwanon ƙarfen da ke juyawa tare da ƙafa wanda garnitir ke gogawa a cikinsa, ka ari ma'aunin nan mai baki da makanikai ke kira piye-a-kulis, ka auna faɗin cikin tambur daga bango zuwa bango. Na ƙananan babura yawanci milimita 110 ne ko 130, na keken kaya kuwa ya fi haka, za ka ga 160, 180, har 220. Auna faɗin garnitir ɗin kansa, domin 25 da 30 a ido kusan ɗaya ne, amma na 30 ba zai bar tambur na 25 ya zauna ba. Ƙirga bulon na ƙafa, wato ƙusoshin da ke riƙe da ita, in huɗu ne ka auna daga tsakiyar ɗaya zuwa tsakiyar wanda ke fuskantarsa. Ka yi wannan a ɓangarori biyun duka. Masu walda da abin da suka samu suke aiki, ba abin mamaki ba ne a tarar da hagu daban, dama daban.

Kafin ka kwance komai, ɗauki hoto da salula yadda sifirin ke maƙale. Bayan haka ka ɗaure tsohon garnitir da sifirinsa a leda ka tafi da su da kanka, ko ka ba wanda za ka aika. A shago ku ɗora sabo a kan tsoho baya da baya: lanƙwasa, ramukan sifirin, da bakin da ke zama a kan ƙusa, duk su yi daidai. In na mota ne, wajen masu kayan mota na hannu za ka nufa. Abin da ya gagara a Tawa da Kwanni, a neme shi a Katako a Yamai, amma da samfur a hannu.

In an rasa gaba ɗaya, kada ka jefar da ƙarfen tsohon. Masu ɗaura fatar birki za su cire wadda ta cinye su buga sabuwa da ƙusar riba, wato ƙusar da ake daddaɓe bakinta ta riƙe fatar. Ka dai tabbata kawunan ƙusoshin sun nutse sosai cikin fatar, in ba haka ba su ne za su fara cin tambur. Fatar da aka manna da gam na kasuwa kuwa ka guje ta, zafi na ɓamɓare ta, ta cushe ta kulle ƙafa ana cikin tafiya da kaya.

Fizgar hagun nan da ka ambata, laifin yakan zama na dama ne, shi ne ba ya kamawa. Buɗe shi da kyau. In ka tarar da garnitir ya yi baƙi yana maiƙo, robar da ke tare man pon ta mutu, mai yana tsiyaya cikin tambur. Sai an canza robar tukuna, in ba haka ba sabon garnitir ma zai sha mai. Wanda ya riga ya sha kuwa ya gama aiki, wanke shi da esans ba ya fitar da man da ya shige ciki. Kuma ko ɓangare ɗaya ne ya lalace, biyun ake canzawa tare, daga kwali ɗaya.

Duba tambur ɗin ma. Wasu an rubuta iyakar faɗinsu a jiki. In ya wuce ta, ko ya yi zurfin zane da farce ke maƙalewa, sabon garnitir ba zai gyara shi ba. Goge ƙurar da jiƙaƙƙen tsumma, kada a hura da baki. Don ka san ko fatar ta zauna, zana alli a kanta, mayar da tambur, juya ƙafa kana ɗan taka birki, sannan ka buɗe: inda allin ya goge nan ne ke taɓawa. In gefe kawai ya goge, a ɗan rage wurin da takardar yashi.

Wajen ɗauri, in birkin ja ne, ƙafafu biyu a sama, ɗaure ekuru, wato notin daidaita birki, na kowane ɓangare har ƙafar ta fara gogawa, sai ka sassauta kaɗan har ta saku. Feda ta yi wasan santimita 2 zuwa 3 kafin ta kama. Sandunan biyu masu jan birki su haɗu a kan ɗan ƙarfe mai lilo a tsakiya wanda ke raba ƙarfi daidai. In an walda su kai tsaye a kan feda, a sa a gyara. Gwaji a fili mai yashi, ba kaya, a hankali: taka da ƙarfi, sauka ka dubi sawun. Tsawonsu ya zo ɗaya.

Tambaya: Ni babur ɗina pon ɗin mota gare shi, birkin mai ne. An fitar da iska sau uku amma feda na nutsewa. Daga mai karatu a Yamai.

Amsa: Ɗan'uwa, in babu yoyo, duba famfon da ke ƙarƙashin feda. Na babur an yi shi ne don ƙafa ɗaya, bakinsa yakan zama milimita 12.7 ko 14, man da yake turawa ba ya isar silinda biyu na mota. Nemi mai faɗi, kamar 15.87, lambar tana jikinsa a rubuce 5/8. Amma fara matso da garnitir kusa da tambur, tazara mai yawa ma na shanye feda. Wajen fitar da iska a fara da ƙafar da bututunta ya fi tsawo. Man birki kuwa mai lambar DOT 3 ko DOT 4 daga rufaffen gwangwani, kada a gauraya da DOT 5. In an taɓa zuba man inji ko sau ɗaya, robobin sun kumbura, sai a canza su duka a wanke bututu.