Akwatin Baba: me zan ƙona, me zan aje?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Inna, ina kwana, ina sanyi? Dan Allah ki yi haƙuri da tsawon saƙona, abin ne ya tsaya min a rai. Ranar 18 ga Disamba da ba a zuwa aiki, sanyi ya hana kowa leƙa waje, hazo ya rufe gari har ba ka hangen ƙarshen layinmu, sai na ce bari yau dai in jawo akwatin ƙarfen Babanmu da ke ƙarƙashin gado tun rasuwarshi shekara biyu ke nan ba wanda ya taɓa shi. Na shimfiɗa tabarma a ɗaki na kawo kaskon gawayi kusa, na ce awa ɗaya ta ishe ni, wallahi Inna har aka kira la'asar ina zaune ban sa komai a bakina ba.

Akwai tsohon katinshi na ɗan ƙasa da aka rubuta "né vers 1948", wato an haife shi wajajen 1948, da tikitin lanho na shekaru a ɗaure da zare, da bultan ɗinmu na lakwal dukanmu har da nawa na aji uku wanda na faɗi lissafi na ɗauka na ɓoye ashe yana hannunshi, da wasiƙu na ajami da ban iya karantawa, da hotuna baƙi da fari na mutanen da ban sani ba, da damin tsofaffin naira cikin leda, da takardar filinmu. Can ƙasa kuma na iske wata takarda ta 1991 da ta ce wani Alhaji yana bin Baba jaka 60, da sa hannun shaidu biyu. Yayanmu ya ce duk tarkace ne a ƙona kawai kafin su jawo mana gara. Hajiyarmu kuma da ta shigo ta ɗauki hoto guda ta duba, sai hawaye, ta aje ta fita ba ta ce komai ba, tun ranar nake jin nauyin tada maganar. Inna me zan ƙona, me zan aje, kuma bashin nan yaya zan yi da shi?

Ɗiyarki daga unguwar Ali Ɗan Sofo, Maraɗi

AMSA

Wa alaikumus salam ɗiyata, sanyi alhamdu lillahi, Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta. Ki ba Yayanki haƙuri, kar a kunna ashana ko ɗaya tukuna, abin da wuta ta ci ba ya dawowa, akwatin da ya yi shekara biyu a ƙarƙashin gado kuma ba zai gagara jiran wata ɗaya ba.

Bari in fara da bashin don shi ne bai jira. Kin san hadisin nan da ya ce ran mumini a rataye yake da bashinshi har sai an biya mishi, kuma a cikin Suratun Nisa'i inda Allah ya raba gado sai da ya ce bayan wasiyya ko bashi. Amma kar hankalinki ya tashi tun yanzu, ki lura da abu ɗaya: takardar bashi a hannun mai bin bashi take zama, shi ke da buƙatarta. In aka iske ta cikin akwatin wanda ake bi, sau da yawa alama ce ta an biya aka maido mishi da takardarshi, haka ƴan kasuwa da dama ke yi. Sai dai ba a gina hukunci a kan zato, don tana iya yiwuwa biyu aka rubuta kowa ya riƙe ɗaya. Ki juya bayanta ki duba ko an soke ta ko an rubuta wani abu, sa'annan ku nemi shaidun nan biyu ko ɗiyansu, Maraɗi ba ta da girman da za a rasa gidan Alhaji in an tambayi dattawan kasuwa. Wannan tahiya ta Yayanki ce, shi ya kamata ya sa hula ya je ya yi sallama a ƙofar gidansu. In sun ce an biya ko sun yafe, alhamdu lillahi. In ba a biya ba, daga cikin abin da Baba ya bari za a fitar a ba magadan Alhajin. Za ki ji wani ya ce ai jaka 60 ta 1991 ba ta yau ba ce, gaskiya ne, a watan Janairu 1994 aka karya darajar sefa, faran ɗin Faransa ɗaya da ke sefa 50 ya koma 100. Mafi yawan malamai sun ce abin da aka ranta shi ake maidawa, wanda ya ƙara don kanshi ba da sharaɗi ba ya kyauta, amma ku zauna da malamin da kuka yarda da shi ku nuna mishi takardar da idonshi.

Takardar fili kuwa yau ɗin nan ki raba ta da sauran. Ko akt de sesiyon ce, wato takardar mallakar fili ta meri, ko shaidar saye da mai gari ya sa wa hannu, ki yi mata fotokopi a buga mata hatimi, ki ɗauki hotonta gaba da baya a waya ki tura wa duk ƴan'uwanki har da matan, kar ta zama sirrin mutum ɗaya. Rigimar fili nawa ta raba ƴan ɗaki guda a garin nan saboda takarda ta ɓata ko wani ya riƙe ta shi kaɗai. Kuma dan Allah kar ki kai ta asali wajen masu manna roba da injin zafi, in ta manne ta manne ke nan, gobe a ce ana son duba hatimi ba ta ɓaruwa. Haka takardun haihuwa da na aure da diflom da duk wani abin fansho.

To amma abin da ya fi tsaya min a wasiƙarki hawayen Hajiya ne. Ke kin ɗauka kin taɓa mata ciwo shi ya sa kike jin nauyi, ni kuma ina ganin ta fita ne don ba ta son ki ga kukanta, kin san iyayenmu da kara. Duk takardun nan da kike gani kurame ne, bakinsu yana wajen Hajiya. Ita kaɗai ta rage da za ta ce miki wannan mai rawanin ƙanen kakanki ne, wancan abokin fataucin Baba ne da suke zuwa Kano tare. Ina faɗa miki haka ne don ni ya same ni. Da mahaifiyata ta rasu na iske hoto cikin adakarta tsakanin zannuwa, mata huɗu a jere sun sha ɗaurin kallabi iri ɗaya, ɗaya ta ɗora hannu a kafaɗar uwata tana dariya har ana ganin wushiryarta, irin riƙon da sai aminiya ke yi. Na zagaya da hoton nan gida-gida wajen tsofaffin danginmu, ba wanda ya gane ta. Shekara ashirin muna gida ɗaya da uwata adakar na gefen gadonta ban taɓa cewa Iya wace ce wannan ba, har yau in na tuna sai in ji ƙirjina ya yi nauyi.

Don haka ki nemi wata safiya irin waccan tun sanyin bai wuce ba, lokacin da ba baƙi ba hayaniya, ki dama mata kunu mai zafi ki zauna kusa da ita, kar ki kawo akwatin gaba ɗaya ya yi mata yawa. Ki fara da nairorin nan, su ba su da zafin hoto. Ki ce Hajiya wai me ya sa Baba ya aje kuɗin da ba su ci? In na da ne sosai ina kyautata zaton na 1984 ne, shekarar da gwamnatin Buhari ta canja launin takardun naira a watan Afrilu, ta ba mutane kwanaki kaɗan su canja, ta kuma rufe iyaka. Ƴan kasuwarmu da ke bin hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina da yawa kuɗi suka mutu a hannunsu suna ji suna gani, ga fari ya zo a shekarar, yunwar da har yau tsofaffi ke kira El Buhari, iyakar kuma ba a buɗe ta ba sai 1986. Mutumin da ya riƙe damin kuɗin da ya san ba za su sayi ko tiyar hatsi ba har ƙarshen ranshi, akwai abin da yake tunawa, kuma Hajiya ta san yadda aka yi tukunya ta hau wuta a gidanku a shekarun nan. In ta fara magana ki danna rikodin a waya ki aje gefe, kar ki katse ta ko ta yi kwana ta koma labarin wani. In ta yi kuka ki bar ta ta yi, ke ma ki yi. Hotunan kuma duk wanda ta faɗi sunanshi ki rubuta a bayan hoton nan take da fensir, ban da bik don tawadarshi tana hudowa ta gaba.

Shi ma "né vers 1948" ɗin nan ki tambaye ta, lokacin ba a yanke wa yawancin yara takardar haihuwa, sai an girma a kalli mutum a kimanta. Tsofaffin Maraɗi da ambaliyar gulbi ta 1945 suke lissafi, wadda ta ci tsohon gari aka hauro tudu, sai ki ji an ce wane an haife shi damina biyu bayan an hauro. Wataƙila Hajiya ta taɓa jin irin wannan daga bakin surukarta.

Wasiƙun ajami kar ki ba kowa ya tahi da su ya ce zai karanto miki. Ki kira wani dattijon malami na kusa da gidanku ya zo ya karanta a gabanki ke da Hajiya kina rubutawa da boko, ki fara gaya mata tukuna, don wasiƙa tana iya ɗauke da maganar da ba ta kunnen kowa ba ce.

Abin da za a rabu da shi bai da yawa: rasit na wuta da ruwa na shekarun baya, takardun magani, da waɗanda suka goge ba a ganin komai. Tikitin lanho ki bar biyu ko uku, na farko da na ƙarshe, jikoki su gani. Duk mai ɗauke da bisimilla ko aya kar ta je bola, a ƙona ta a wuri mai tsabta a binne tokar, Sayyidina Usman ma ƙonawa ya sa aka yi da sauran rubuce-rubucen bayan an haɗa Mus'hafi.

Maganar gara Yayanki yana da gaskiya, amma maganinta ɗaga akwatin daga ƙasa, ki ɗora shi kan bulo ko tebur, kar ya jingina da bango. Ki cire ƙusoshin ƙarfe na haɗa takardu da suka yi tsatsa, ki fidda komai daga leda don in damina ta zo ita ke riƙe danshi, ki sa su cikin ambulan na takarda, busasshen ganyen bedi kaɗan a ƙulle cikin tsumma a kusurwa. Yanzu da iska ta bushe takarda karyewa take kamar busasshen ganye, wadda ta daɗe a naɗe ki buɗe ta a hankali bisa tabarma, in ta ƙi ki ƙyale ta.

Bultan ɗin nan na aji uku kuwa naki ne, ki ɗauke shi ki kai ɗakinki. Baba ya gani, bai ce miki komai ba, ya aje shi tare da takardar filinshi. Ki gaida min Hajiya, ki rubuto min yadda kuka yi da gidan Alhajin.