Tambaya da Amsa: Ganawar aiki ta bidiyo

Tambaya: Assalamu alaikum. Na gama karatu a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, yanzu wata ƙungiya da ke Yamai ta kira ni ganawar ɗaukar aiki ta Zoom. Waya kaɗai gare ni. Da muka gwada da ƙawata, sai ta ce ba ta ganin fuskata, hijabi kawai take gani. Me zan gyara? Daga wata mai karatu, unguwar Zariya, Maraɗi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama, Allah ya ba da sa'a. Wayarki ta wadatar, matsalar ta haske ce. Kyamara tana auna hasken duk abin da ke gabanta ne gaba ɗaya. In akwai taga ko buɗaɗɗiyar ƙofa a bayanki, ko kuma hijabin fari ne fat, sai ta rage haske don kada farin ya dallare hoton, fuskarki ta shige duhu. Masu duhun fata abin ya fi shafa, haka ma maza masu son farar shadda mai ƙyalli.

Ki juya kujera ki fuskanci tagar, kamar taku biyu tsakaninku, bango yana bayanki. In rana na shigowa kai tsaye, ki saki labule marar kauri. Da dare ki ajiye fitilar sola a bayan wayar, sama da goshinki kaɗan, domin ƙwan da ke tsakiyar rufi inuwa yake zubawa a ƙarƙashin ido. Ki zaɓi hijabi shuɗi, ruwan toka ko ruwan ƙasa. Yadi mai ƙananan layuka yakan yi ta rawa a hoto.

Kada ki riƙe wayar a hannu. Ki tara littattafai a kan tebur har kyamarar ta zo daidai idonki, ki jingina wayar a kwance, nisan santimita 60 zuwa 70, yadda za a ga kai da kafaɗu. Wayar da ke kan cinya haɓa da rufin ɗaki take nunawa. Ki goge idon kyamarar da ƙyalle mai laushi, don ƙura da maiƙon yatsa na sa hoto ya yi hazo. Idan kina magana ki kalli idon kyamarar, ba hotonki ba.

A ganinmu murya ma ta fi hoto muhimmanci: mai ɗaukar aiki zai jure hoto mai ɗan duhu, amma ya ce "ban ji ba" sau uku, hankalinsa ya bar kanki. Ki sa abin ji na kunne mai igiya, ki fito da makirufonsa saman hijabi. In yana ciki, gogar yadi kaɗai za a ji. Ki kau da fanka daga saitinsa. Kafin ki shiga, ki duba sunan da Zoom ya nuna. Sau da yawa sunan wayar ne yake fitowa, Tecno ko Itel da lambobi. Ki goge ki rubuta cikakken sunanki kamar yadda yake a takardunki.

Tambaya: Ina sana'a a Babbar Kasuwa, ina magana da masu kaya a Dubai da Sin. Kira yakan tsinke, wayar ta yi zafi, wani lokaci muryata ta riƙa dawo mini. Daga wani ɗan kasuwa.

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Kiran bidiyo na awa ɗaya yakan ci daga rabin giga zuwa giga ɗaya da rabi, gwargwadon kyan hoto da yawan mutane, saboda haka ka sayi forfe da ya wuce haka. Ka gwada Airtel, Moov da Zamani a daidai kujerar da za ka zauna, a kuma daidai lokacin da za a yi kiran, domin rezon safe daban yake da na bayan magariba. In murya ta fara yayyankewa, ka nemi izini ka kashe hoto; murya kaɗai abin da take ci kaɗan ne. Kiran waya na yau da kullum ma yana iya katse bidiyon, shi ya sa ya fi kyau a ware waya ɗaya don ganawar, ɗayar tana hannun yaron shago.

Zafi kuwa, a bazara, musamman Afrilu da Mayu, waya mai bidiyo kuma tana kan caji takan rage gudunta don kare kanta, hoto ya daskare. Ka cika ta tun da wuri, ba sai ka dogara da wuta a lokacin ba, ka cire mata riga, ka zauna a inuwa. Dawowar murya galibi na'ura biyu ne a ɗaki guda suka shiga kira ɗaya, misali taka da ta tafinta. A kashe makirufo da lasifikar ɗaya.

Ka lura da agogo: Dubai na gabanmu da awa 3, Sin da awa 7. Ƙarfe tara na safe a Maraɗi huɗu na yamma ne a Guangzhou. Zoom na kyauta kuma yana yankewa a minti 40, don haka a fara da farashi, adadi da ranar lodi, bayan an gama a tura su a rubuce ta WhatsApp.

Tambaya: Ko ya dace a yi doguwar gaisuwa? In aka kira salla ana tsakiyar taro fa? Daga wani ma'aikaci, Tibiri.

Amsa: Ɗan'uwa, gaisuwa ba a barinta, a dai taƙaita. Murya na ɗan jinkiri kafin ta isa, in kowa na jero "ina gajiya, ina gida" sai maganganu su hau juna. Ka yi sallama, ka gai da shugaban taron da muƙaminsa, ka faɗi sunanka, ka dakata ya amsa. Batun salla tun wajen tsai da lokaci ake gyara shi: ka nemi tsakanin ƙarfe tara da sha biyu na safe. In taron ya ja har ladan ya fara, ka kashe makirufo, ka rubuta a akwatin saƙo cewa za ka dawo nan da minti goma sha biyar, sannan ka kashe kyamara kafin ka miƙe.