Filin Tambaya da Amsa: Da Wace Manhaja Za Mu Rubuta Littafin Jagorar Injinmu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai shagon walda ne a Sabon Garin Zariya, muna ƙera injin casar masara. Masu saye daga Giwa da Soba da Maƙarfi suna yawan bugo mini waya a kan abubuwa ƙanana, kamar yadda ake ɗaure bel ko lokacin sa giris, shi ya sa nake so mu rubuta ɗan littafin jagora da Hausa da Turanci. Ɗana da ke karatun injiniya a Samaru ya ce a yi da LaTeX, abokinsa ya ce Markdown da Git, mai buga mana takardu kuma ya ce in kawo masa rubutun ya tsara a CorelDRAW. Wanne zan bi? Daga wani makaranci a Sabon Gari.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kowane ɗaya daga cikin mutum ukun nan ya nuna maka abin da hannunsa ya saba da shi ne, kuma ba wanda ya yi maka ƙarya. Sai dai akwai tambayar da ta riga zaɓen manhaja, ita ce wane ne zai riƙa gyara littafin bayan an buga shi, kuma sau nawa a shekara. Littafin jagora ba ya ƙarewa muddin injin yana canzawa. Ranar da ka sauya girman boris, ko ka bar injin fetur ka koma na dizal, shafuka uku ko huɗu sun zama ƙarya nan take, kuma manomin da ke Soba zai bi abin da ya gani a rubuce, ba abin da ke cikin kanka ba.

Shawarar ɗanka tana da tushe. Donald Knuth ya fara TeX, manhajar tsara rubutu don bugu, a 1977 saboda bai gamsu da yadda ake buga lissafi a littattafai ba, sannan Leslie Lamport ya gina LaTeX a kansa a farkon shekarun 1980, kuma har yau da wuya a sami abin da ya fi shi fitar da alamomin lissafi tsaf a kan takarda. Ga kundin digirin ɗanka a Jami'ar Ahmadu Bello, ya yi daidai. Amma littafinka shafi ashirin ne na hotuna da matakai, babu lissafi mai hawa-hawa a ciki, kuma ranar da yaron ya tafi bautar ƙasa za a bar ka da fayil cike da umarni da alamomin da ba ka iya karantawa, balle gyarawa.

Maganar abokinsa ita ce hanyar da masu rubuta manhaja suke bi. Markdown, wanda John Gruber ya fitar a 2004, tsuran rubutu ne da ake yi wa 'yan alamomi kaɗan don a nuna kanu da jeri. Git kuwa Linus Torvalds ne ya rubuta shi a 2005 domin aikin Linux, yana ajiye tarihin kowane layi da aka taɓa da sunan wanda ya taɓa shi. Idan aka haɗa su da Pandoc na John MacFarlane, rubutu ɗaya yana iya fita a matsayin Word ko PDF ko shafin intanet. Wannan yana biyan wahalar koyonsa ne a inda mutum biyar ko goma suke gyara takarda ɗaya kowane mako. Akwai ma DITA, wani tsarin rubuta littattafan jagora wanda ya samo asali daga kamfanin IBM, na masana'antun da ke da ɗaruruwan samfura. Idan wani ya kawo maka shi, ka ɗauka ya kawo maka tirela ne don dakon buhu biyu.

Wanda na fi jin tsoro a cikin ukun shi ne na mai buga takardu, duk da cewa shi ya fi sauƙi a ido. CorelDRAW manhajar zane ce, kuma masu ɗab'i kan mayar da haruffa su zama zane kafin bugu don kada su sauya a wata kwamfutar, daga nan kuma ba a iya gyara su kamar rubutu. Asalin littafinka zai zauna a kwamfutar wani, kowane gyara sai ka hau mashin ka je, ka jira a kawo wuta, ka biya. Ka bar masa bangon littafin da takardar gargaɗin da ake mannawa a jikin injin, a nan ya fi kowa.

Abin da zan ce ka yi shi ne ka rubuta a Microsoft Word, ko LibreOffice Writer wanda kyauta ne tun da aka fara shi a 2010, kuma dukansu suna aiki ba tare da data ba. Amma akwai sharaɗi. Kada a yi kanun magana ta hanyar ƙara girman harafi da hannu. A yi amfani da tsarin da ke cikin manhajar na ba kowane kanu matsayinsa, babba ko ƙarami, domin daga wannan tsarin ne take fitar da ƙunshiya da kanta, ta kuma gyara lambobin shafi duk lokacin da aka ƙara wani abu. Haka ma lambobin hotuna, a bar manhaja ta ƙirga. Fayil ɗaya tak ne uwa, a kwamfutar shago, sunansa yana ɗauke da shekara da wata da rana, ba "na ƙarshe" da "na ƙarshen ƙarshe" ba, sannan a ajiye kwafinsa a filashi da kuma Google Drive. A shafin baya a yi ɗan jadawali: bugu na nawa, kwanan wata, me aka canza, daga wace lambar inji canjin ya fara aiki.

Sai batun haruffa masu ƙugiya, inda na sha ganin aiki mai kyau ya lalace. Shekarun baya na kai wa wani mai ɗab'i ɗan littafi a kan kula da injin ban ruwa, na rubuta shi da wani tsohon samfurin harafi da aka ɗora ƙ da ɗ da ɓ a kan wasu maɓallan daban. Kwamfutarsa ba ta da samfurin. Da na buɗe kwalin da aka kawo, sai na ga inda na rubuta "a ƙara mai" ya koma ɗan akwati babu komai a ciki sannan "ara mai", a wani shafin kuma yaron shagon ya yi ƙoƙarin taimakawa ya mayar da "ɗaure noti" ya zama "daure noti". Noti dai ba ya daurewa, kwancewa yake yi. Abin kunya ne wannan ya faru a garin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, aka kuma kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, inda aka san ƙugiya tun zamanin haruffan dalma. Maganinsa yanzu a fili yake: dukan haruffan nan, manya da ƙanana, suna da gurbinsu a tsarin Unicode, wato tsarin haruffa na bai-ɗaya da kwamfutoci da wayoyi ke amfani da shi, don haka a rubuta su da allon maɓallai na Hausa irin na Keyman a kwamfuta ko Gboard a waya, a zaɓi samfurin harafin da ke ɗauke da su, kamar Charis SIL ko Andika ko Noto Sans. Mai ɗab'i kuma kada a ba shi fayil ɗin Word. A ba shi PDF wanda aka cusa samfurin harafin a cikinsa, kuma a nemi ya buga kwafi ɗaya a duba kafin ya saki injinsa.

Rubutun kansa a gefen injin ake yinsa, ba a ofis ba. Ka sa babban yaronka ya kwance bel ya mayar, kai kana faɗa, ɗanka yana rubutawa yana ɗaukar hoto da waya, an rataya farin ƙyalle a baya don kada tarkacen shago ya cika hoton. Kowane mataki aiki ɗaya, da lambarsa, da lambar sifanar da ake buƙata. Gargaɗi yana zuwa kafin matakin da yake magana a kansa, domin wanda ya karanta "a kashe injin tukuna" bayan ya riga ya zura hannu bai amfana da komai ba. A fara da Hausa, tunda ita ce harshen mai saye, sannan a yi Turancin da lambobin matakai iri ɗaya, ta yadda mataki na 7 a nan shi ne na 7 a can. Ka kuma rubuta jerin sunayen sassan injin tun farko, ka tsaya a kan suna ɗaya ga kowane sashi, wanda ake kiransa da shi a kasuwar kayan gyara.

Kafin bugu, ka miƙa littafin ga wanda bai taɓa taɓa injin ba, ka ce ya canza bel, ka koma gefe ka kama bakinka. Duk inda ya tsaya yana juya shafi yana kallonka, laifin shafin ne, a sa masa alama. Girman takarda kuwa A5 ya fi, wato rabin A4, saboda yana karantuwa a fuskar waya idan ka tura ta WhatsApp, kuma idan za a ninke a ɗinke a tsakiya, yawan shafukan ya zama mai rabuwa da huɗu, kamar 16 ko 20 ko 24.

Tambaya: Ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani ƙaramin asibiti a Tudun Wada. Mu biyar ne muke gyara takardun ƙa'idojin aiki, kowa yana tura nasa ta WhatsApp, yanzu ba mu san wanne ne na gaskiya ba. Me za mu yi? Daga wata makaranciya a Zariya.

Amsa: Malama, naku ya sha bamban da na mai walda, domin hannaye da yawa ne a kan takarda ɗaya. Ku daina tura fayil, ku ɗora kowace takarda a Google Docs ku riƙa tura hanyar shiga kawai, tunda yana ajiye tarihin gyara da sunan mai gyaran, kuma ana iya komawa ga yadda takardar take a makon jiya. Mutum huɗu a ba su izinin ba da shawara kaɗai, mutum ɗaya, wato shugabar ɗakin, ita ke amincewa ko ta ƙi. Bayanan marasa lafiya kada su shiga waɗannan takardu ko kaɗan. Duk takardar da aka amince da ita a sa mata lambar bugu da kwanan wata da sa hannu, a fitar da PDF, a buga, kuma wanda ya je manna sabuwa a bango shi zai cire tsohuwar da hannunsa, ya ja mata layi, ya rubuta "an soke", ya kai ta fayil ɗin ajiya a ranar.