Ku Tambaya, Mu Amsa: Baƙon da ba Musulmi ba a lokacin azumi da Sallah

Tambaya: Ni Kirista ce daga Zuru, ma'aikaciyar jinya. Ni da maigidana mun tara kuɗi za mu je hutu Masar ko Maroko, sai ga shi hutun namu ya faɗo cikin goman ƙarshe na azumi har zuwa Ƙaramar Sallah. Mu ɗage tafiyar ko mu je?

Amsa: 'Yar'uwa, ku je abinku. Ba wanda zai ce ku ɗauki azumi. Abin da ke wahalar da baƙo shi ne tsarin yini, domin a waɗannan ƙasashe gari kan koma rayuwar dare. A Alƙahira wuraren tarihi da gidajen adana kayan gargajiya sukan rufe da wuri, saboda haka ku nufi dalar Giza da sassafe, ku koma masauki kafin la'asar. Sa'a guda kafin magariba kada ku nemi tasi: kowa na sauri ya isa gida, hanya ta cunkushe, direban ma a gajiye yake. Da an sha ruwa sai gari ya farka. Kasuwar Khan al-Khalili takan cika maƙil, fitilun azumi na rataye a kan tituna, ana ciniki har wajen sahur. Za ku ga dogayen tebura a bakin hanya da masu hali ke ciyar da jama'a kyauta. In an yafuto ku, ku zauna, ba a tambayar addinin mutum a wurin.

Da rana kuwa, abinci na samuwa a manyan otal da unguwannin da 'yan yawon buɗe ido ke sauka, amma a ƙananan garuruwa sai ku yi guzuri tun dare: burodi, dabino, ruwa lita biyu ga kowane mutum. Ku ci a ɗaki, kada a titi.

Ga wani abu da ya shafe ku fiye da Bature. Kiristocin Zuru da yawa sunansu Musa, Yakubu, Ibrahim ko Maryamu, ga Hausa a baki, ga sallama. A Maroko sashe na 222 na dokar laifuka ya tanadi ɗaurin wata 1 zuwa 6 ga wanda aka sani Musulmi ne ya ci abinci a bainar jama'a da rana cikin azumi. Dokar ba ta hau kanku ba, amma mai kallo ba ya ganin zuciya, suna da kamanni yake gani. Gara a kauce wa dogon bayani. Littafi Mai Tsarki na karatunku ku tafi da shi, sai dai raba takardun wa'azi ga Musulmi laifi ne a can.

Ranar Sallah kuma ba ta tabbata sai an ga wata, tana iya matsawa da kwana ɗaya. Kada ku sa tafiyar jirgin ƙasa ko doguwar mota ranar jajibiri, ku yanki tikiti tun da mako guda, ku canji kuɗi kafin bankuna su rufe. Tunda aikinki ne, kin san tiramadol: Masar ba ta wasa da shi, duk maganin da za ku ɗauka ya kasance a kwalinsa da takardar likita. Katin rigakafin shawara ma ya shiga jaka tare da fasfo.

Tambaya: Za mu iya shiga masallatai mu gani? In ji wani ɗan kasuwa daga Yawuri.

Amsa: Ya danganta da ƙasa, Malam. A Masar da Turkiyya galibin manyan masallatai na tarihi a buɗe suke ga kowa in ba lokacin salla ba. A cire takalmi, mace ta rufe kai, namiji ya bar gajeren wando a gida. A Maroko ba a yarda wanda ba Musulmi ba ya shiga ba, sai ɗai-ɗai irin masallacin Hassan na Biyu da ke Kasablanka, wanda aka kammala a 1993, shi ma da ɗan jagora. Saudiyya ta buɗe bizar yawon buɗe ido a 2019, amma Makka tana nan a haramce ga wanda ba Musulmi ba, akwai alluna a hanya da ke nuna inda zai ratse.

Tambaya: Abokan aikina biyu, Kiristoci daga Kudu, mace da namiji, za su zo mana Babbar Sallah a Argungu. Yaya zan yi kada su takura, kada kuma su yi abin da zai jawo magana?

Amsa: Madalla da wannan niyya, Alhaji. Baƙonka annabinka, kuma rabin hidimar ita ce ka faɗa musu komai tun kafin su taso, ba sai sun yi kuskure a gaban mutane ba.

Su iso da kwana biyu kafin Sallah, ko ta filin jirgin Sir Ahmadu Bello da ke Birnin Kebbi ko ta mota, don kuɗin mota na tashi ranar jajibiri, ga cunkoso a tasha. Su riƙo tsabar kuɗi, masu POS kan ƙare da wuri. Ka gaya musu a fili cewa Kebbi na bin shari'ar Musulunci tun shekarar 2000, giya ba abin fitowa da ita ba ne, kada ma su sako ta a kaya. Ita baƙuwar, atamfa riga da zane da mayafi mara nauyi sun wadatar. In ka ɗinka musu kayan Sallah, ka gama musu komai, domin mutane za su karɓe su kamar 'yan gida.

Da safe kada ka ja su cikin sahu a filin Idi. Ka samo wani yaro ya tsaya da su a gefe, a inuwa, inda za su ga isowar Sarki da dawakai. Wurin yanka ma ka tambaye su tukuna: wani bai taɓa ganin an yanka rago a gabansa ba, sai ka ga ya kasa cin naman. Wasu Kiristocin kuma suna da ƙa'idarsu game da naman layya. In sun ƙi, kada ka matsa, kada ka ji haushi. Tuwon shinkafa da miyar kifi ba baƙon abu ba ne a Argungu. Ka yi hattara da yawan soyayyen nama da ruwan da cikinsu bai saba da shi ba, nan ne gudawa ke kama baƙo a rana ta biyu. Ruwan gora da gishirin ORS su kasance a ɗakinsu.

Namijin ya san cewa zaure ne iyakarsa sai an ce ya shigo, kada ya miƙa wa matar aure hannu, kuma hoto sai da izini. Ka canza musu ƙananan kuɗi saboda yara masu barka da Sallah.

Washegari ka kai su Gidan Tarihi na Kanta, tsohuwar fadar Sarkin Kabi, sannan ku gangara bakin kogin Matan Fada su ga inda ake bikin kamun kifi, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, kuma UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. In Lahadi ta riske su a wurinka, ka nemo musu cocin ɗarikarsu da lokacin sujada tun ranar Asabar, ka tanadi wanda zai kai su ya dawo da su.